Ya ce gwamnatin ƙasarsu ta biyo shi har Damagaram: in sa shi a rediyo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni 'yar jarida ce a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Zinder, shekarata biyu da fara aiki. Wani baƙo da ya gudo daga ƙasarsu, yana zaune cikin garin nan, ya same ni ya ce gwamnatinsu ta biyo sawunsa. Ana kiransa da lambobin da bai sani ba ana yi masa barazana, an kama wansa a gida, ofishin jakadancinsu kuma ya ƙi sabunta masa fasfo. Yana so in sa shi a rediyo duniya ta ji. Shugabana ya ce ko dai ƙarya yake yi don ya samu hanyar Turai, ko kuwa tsoro ne ya taɓa masa kai. Yaya ake aikin labari irin wannan?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai. Kada ki sa shi a iska wannan makon, kada ma ki naɗi muryarsa tukuna. Ba don na bi bayan shugabanki ba. Dalilina shi ne, in gaskiya mutumin nan yake faɗa, wanda zai fi kowa kasa kunne ga shirinki ba mai shayin bakin tasha ba ne, masu nemansa ne. Duk abin da kika faɗa a kansa, kwatancen gida ne kike ba su.

Shi kuwa shugabanki, in yana ganin abin ya yi kama da tatsuniya, ki tuna masa da Alhaji Umaru Dikko. Dattawanmu da suka saurari rediyo a 1984 ba su manta ba. Dikko ministan sufuri ne a gwamnatin Shehu Shagari, da soja suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983 ya tsere zuwa Landan. Farkon watan Yuli na 1984 aka sure shi a ƙofar gidansa da rana tsaka, aka ɗura masa maganin barci, aka sa shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da aikinsa shi ne kada numfashin mutumin ya ɗauke a hanya. An kai akwatin filin jirgin sama na Stansted, inda jirgin kamfanin Najeriya ke jira, an rubuta a jikinsa cewa ma'aikatar harkokin waje a Legas za a kai shi. Abu biyu suka ɓata shirin. Sakatariyarsa ta ga lokacin da aka ɗauke shi ta kira 'yan sanda, akwatin kuma bai cika ƙa'idar kayan jakadanci da ba a buɗewa ba, don haka ma'aikatan kwastan suka fasa shi. Kotun Ingila ta ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila, ɗaya ɗan Najeriya. Gwamnatin Najeriya ba ta taɓa cewa ita ta aike su ba.

Na fara da Dikko da gangan, don ba waliyyi ba ne a idon mutane da yawa. Ana zarginsa da cin dukiyar ƙasa, musamman a harkar shigo da shinkafa, har yau kuma akwai masu cewa da ma akwatin ya isa Legas. To amma tambayar ko ya ci kuɗi daban, tambayar ko ya halatta a sa mutum a akwati daban. Baƙonki na iya zama mai baki, mai son a san shi, ko ma yana da laifin da ya bari a gida. Wannan ba ya ƙaryata cewa ana farautarsa. Haka kuma farautar da ake yi masa ba ta wanke shi ba. Ki riƙe su biyun, kowanne a hannu guda. Dubi Nnamdi Kanu, jagoran masu neman ɓallewar Biyafara, wanda aka ɗauko daga Kenya zuwa Najeriya a Yunin 2021. Mutanenmu da yawa ba sa ƙaunar jin sunansa, amma kotun ɗaukaka ƙara ta Abuja da kanta ta ce a Oktoban 2022 hanyar da aka dawo da shi ta saɓa wa doka.

Abin kuma ba ɗaiɗai ba ne. Ƙungiyar Freedom House ta Amurka ta fitar da ƙidaya a 2021: daga 2014 ta tattara aukuwa 608 na kisa, sata, duka, tsarewa da mayarwa gida da ƙarfi, waɗanda gwamnatoci 31 suka aikata a cikin ƙasashe 79. Abin da ya fi tsaya mini a rahoton ba yawan ba ne. Mafi yawan waɗannan ayyuka ba maharba daga nesa suka yi su ba, da hannun hukumomin ƙasar da mutum ya fake aka yi su: ɗan sanda, ma'aikacin shige da fice, wani lokaci alƙali. Da ɗan gari akan ci gari. Kizza Besigye, madugun adawar Uganda, a Nairobi ya ɓace a Nuwamban 2024, bayan 'yan kwanaki sai ga shi gaban kotun soja a Kampala. Mutum ba ya ƙetare iyaka a ɗaure ba tare da wani ya ɗaga masa shinge ba. Saboda haka in kin zauna da baƙonki, kada duk tambayarki ta ƙare a kan shugaban ƙasarsu. Ki tambaye shi wa ya san inda yake kwana a nan, wa ya karɓi takardunsa, wa ya yi masa masauki, wa ya cika yi masa tambaya a wurin shan shayi.

Yanzu ga abubuwa ukun da ya kawo miki. Ko kusa ba su yi mini kama da maganar wanda kansa ya taɓu ba, don su ne ainihin kayan aikin yau da kullum. Kisa da akwati su ne ƙarshen igiya, ba kasafai ake kai wa can ba, don suna da tsada kuma suna jawo surutu. Abin da ya fi sauƙi shi ne a taɓa uwarka. Ma'aikatan sashen Farisanci na BBC suna zaune Landan, amma a 2017 hukumomin Iran suka hana mutum 152 daga cikinsu, na da da na yanzu, taɓa dukiyarsu a gida, ana kuma kiran iyayensu da 'yan'uwansu ana yi musu tambayoyi. In har haka ta samu masu babbar inuwa irin wannan, ina ga wanda ke haya ɗaki ɗaya a Garin Malam.

Maganar wansa ita ce mafi nauyi, ita ce kuma wadda za ki fi saurin yin ɓarna a cikinta. Hankali zai ce miki ki karɓi lambar gidansu ki kira ki tabbatar. Kada ki yi. Kira daga lambar da ta fara da 227 zuwa gidan da ake sa wa ido ya gaya musu ƙasar da yake, ya kuma ba su sabon laifin da za su ɗora wa iyalin, wato magana da 'yar jaridar waje. Ki bi ta baya. Ki nemi cikakken sunan wan, ranar da aka kama shi, wurin da aka ce an kai shi, da sunan lauya in akwai. Sannan ki duba ko wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ko jaridar 'yan gudun hijirar ƙasar ta ambaci kamun, ki kuma nemi mutum na biyu daga ƙasar wanda ba baƙonki ne ya haɗa ku ba. Sai ki jera ranaku a takarda: yaushe ya yi rubutu ko magana, yaushe aka kira shi, yaushe aka je gidansu. In sau uku a jere ya yi magana ranar Talata an buga ƙofar gidansu ranar Alhamis, kin samu abin da ya fi rantsuwarsa ƙarfi. In kuwa an kama wan tun wata shida kafin ya buɗe baki, to ruwan da wani abu ya tsama, ba da wannan ba.

Fasfo kuwa, ki nemi rasiɗin kuɗin da ya biya da duk wani saƙo da suka turo masa. Sau da yawa ba sa rubuta ƙi, cewa suke yi ka zo da kanka, ko ka koma gida a yi maka a can. Kada ki kuskura ki ce masa ya hau mota zuwa Yamai ya shiga ofishin don ku samu hujja. Jamal Khashoggi, ɗan jaridar Saudiyya mai sukar gwamnatin ƙasarsu, takardar da za ta ba shi damar ɗaura aure ya je karɓa a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya a Istanbul ranar 2 ga Oktoba 2018, wadda zai aura tana tsaye a waje tana jiransa. Bai fito ba.

Waya ita ce inda matasanmu suka fi ruɗewa. Kowa ya ji labarin Pegasus, manhajar leƙen asiri ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda gungun 'yan jarida suka tona a Yulin 2021 da jerin lambobi kusan 50,000, mai iya shiga waya ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Gaskiya ne akwai ta, kuma akwai masu duba waya kyauta: Citizen Lab a jami'ar Toronto, sashen fasaha na Amnesty, da ƙungiyar Access Now. Amma ni a abin da na gani, abin da ke cin mutanenmu ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Zauren WhatsApp na 'yan ƙasarsu mazauna waje ne, mutum ɗari biyu, ɗaya daga ciki yana tura kowane saƙon murya inda aka sa shi. Saƙonnin barazanar da ya ce ana turo masa, ki gan su da idonki a cikin wayarsa, ki lura da lamba da rana da sa'a, ki rubuta da hannu. Hoton fuskar waya da aka turo miki ba shaida ba ne, yaron da ke gyaran salula a Kasuwar Dole zai haɗa miki irinsa kafin shayi ya tafasa. Kuma kada ki ce ya turo miki su wayarki.

Bari in ba ki nawa kuskuren, don ban koyi wannan a littafi ba. Shekarun baya na yi hira da wani bawan Allah da ya gudo daga wata ƙasa. Na sauya masa suna, na sa aka murɗe muryarsa, ina ganin na gama kiyaye shi. Amma don shirin ya yi daɗin ji, sai na buɗe da kwatanci: na same shi a wata rumfa a Zango, yana gyaran agogo da tabarau ɗaure da zare, da Hausarsa ta koyo. Mutum nawa ne a Zango ke gyaran agogo da tabarau ɗaure da zare? Kwana huɗu bayan shirin, wasu mutum biyu da ba a sani ba suka sauka daga kabu-kabu suna tambayar mai agogo. Allah ya sa ya tafi masallaci, maƙwabcin rumfarsa kuma mai wayo ne, ya ce musu ai ya koma Agadas. Daren nan ya bar gari. Washegari na je na tarar da teburinsa, da ƙananan sukurori cikin gwangwanin tumatir, da agogunan mutane da bai mayar ba. Har yau ban san su wane ne suka zo ba, mai yiwuwa ma bashi suke binsa. Amma ni na nuna musu hanya, da jimlar da na fi alfahari da ita a duk shirin.

Tun daga ranar, kafin in saki labari irin wannan sai in karanta shi a matsayin mai farauta. Sana'a, unguwa, yawan 'ya'ya, shekarar zuwa, kiran sallar wani masallaci da ya shiga naɗin, allon shago a bayan hoto, duk in cire. Garinmu ba Legas ba ne. A Damagaram in kin ce baƙo dogo mai ɗingishi, kin faɗi sunansa.

Akwai kuma wata hanyar da za a iya amfani da ke ba ki sani ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka kama ba fyauce su aka yi ba, jan su aka yi da zuma a baki. Paul Rusesabagina, mai sukar gwamnatin Ruwanda, ya hau jirgi a Dubai a Agustan 2020 yana zaton Burundi za shi, sai ya sauka a Kigali, aka yanke masa shekara 25, sai a Maris 2023 aka sake shi. Ruhollah Zam, ɗan jaridar Iran da ke da mafaka a Faransa, an ja shi zuwa Iraƙi a 2019, aka wuce da shi Iran, aka rataye shi a Disamban 2020. Bayan shirinki ya fita, za ki iya samun kira daga mai murya mai daɗi, ya ce shi ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne, ko ɗan jarida ne daga Turai, ko ɗan garinsu ne da ke son aika masa kuɗi, a taimaka masa da lamba. Amsa ɗaya ce: ki karɓi tasa lambar, ki ce za ki isar. Ko abokin aikinki na ofis bai kamata ya san inda mutumin yake ba, ba don mugu ne ba, don baki shi ke yanka wuya.

Sai maganar abin da za ki faɗa in lokaci ya yi. A nan shugabanki yana da 'yar gaskiya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mai gudun hijira kuma yana iya ganin ɗan leƙen asiri a jikin kowane mai tallan goro. Akwai kuma masu ƙara gishiri don takardar neman mafakarsu ta yi nauyi. Manyan gidajen jarida ma an taɓa shammatarsu: ranar 29 ga Mayu 2018 duniya ta ba da labarin an harbe ɗan jaridar Rasha Arkady Babchenko a Kiyef, washegari sai ga shi da ransa gaban 'yan jarida, hukumar tsaron Yukiren ta ce ita ta shirya wasan don ta kama masu son kashe shi. Don haka ki raba maganarki gida uku, mai sauraro ya ji bambancin: ga abin da na gani da idona, ga abin da shi ya faɗa, ga abin da kotu ko wani bincike ya tabbatar. Kada kalmar "ana zargin" ta zame miki bargon rufe duk abin da ba ki bincika ba. Wa ke zargin, da wace hujja? In ba ki da amsa, jimlar ba ta isa fita ba.

In kuma aka ce miki ai Interpol ke nemansa, kada gabanki ya faɗi. Jar sanarwar Interpol ba sammacin kamu ba ce, roƙo ne daga wata ƙasa, kowace ƙasa kuma ita ke yanke abin da za ta yi da shi. Sashe na 3 na dokar ƙungiyar ya hana ta shiga harkar siyasa, amma gwamnatoci kan sauya wa laifin riga, su kira shi zamba ko ta'addanci. Da irin wannan sanarwa aka tsare ɗan ƙwallon Bahrain Hakeem al-Araibi a Tailan a Nuwamban 2018 alhali yana da mafaka a Ostireliya, sai Fabrairun 2019 ya samu kansa.

Ƙa'idar aikinmu ta ce a ji ta bakin wanda ake zargi, kuma ba zan ce ki tsallake ta ba. Sai dai lokacinta ne abin lura. Ba a tambayar ofishin jakadanci sai bayan mutumin ya san za a tambaya, ya yarda, ya kuma sauya wurin kwana in da hali. In kina da mutum uku ko huɗu masu irin wannan kuka, ya fi, don sai ki yi tambaya a kan ɗabi'ar gaba ɗaya ba tare da kama sunan kowa ba. A rubuce, da wa'adi, ki ajiye kwafi. Yarda kuma ba tasa kaɗai ba ce. Shi yana Zinder, wanda zai sha dukan yana can. Ki tambaye shi ƙarara: in wannan ya fita, me zai samu wanka gobe da safe, kuma mahaifiyarku ta san kana shirin yin haka? Na ga waɗanda suka yi shiru a wannan tambayar suka ce a dakata. Na ga kuma iyalan da suka ce a faɗa, don shirun ne ke kashe ɗansu. Su ke da wannan hukunci, ba mu ba.

Ke ma ki dubi ƙasar da kike takawa. A Yunin 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta ƙasar nan, aka dawo da ɗauri a kan ɓata suna da yaɗa abin da aka ce zai dagula zaman lafiya. An rufe RFI a Agustan 2023, an kuma dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. In ƙasar baƙonki ƙawar gwamnatinmu ce a yau, nauyin labarin ya ninka. Ba kuma za mu yi kamar abin na wasu ne can nesa ba: a Oktoban 2024 an janye wa mutum tara na kusa da tsohon shugaba Bazoum shaidar zama 'yan ƙasa na wucin gadi, har da Rhissa Ag Boula da ke zaune a waje. Gwamnati ta ce sun ci amanar ƙasa, masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce matakin bai dace ba. Na kawo wannan don ki san kunnuwa a buɗe suke a kan wannan batu. Ki nuna wa lauya rubutunki kafin ya fita. In kin ga ya fi ƙarfin gidan rediyonku, ba abin kunya ba ne ki haɗa hannu da waɗanda suka fi ku faɗin kafaɗa, irin su CENOZO mai haɗa masu binciken jarida na Afirka ta Yamma, ko ki nemi shawarar ƙungiyoyin kare 'yan jarida na duniya, CPJ da RSF. Labarin da ya fita a wuri uku lokaci guda ya fi wuyar dannewa, mai shi kuma ya fi wuyar kamawa shi kaɗai.

Kafin duk wannan, ki tambaye shi ko ya yi rajistar neman mafaka. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, wadda sashenta na 33 ya hana mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, da kuma ta Afirka ta 1969. Takardar HCR, hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba laya ba ce, amma wanda ke cikin rajista ya fi wuyar ɓacewa shiru. In bai yi ba, wannan ya fi masa hira da ke amfani a yanzu.

Zamanku na gaba kada ya zama a ofis, kada kuma ya zama ɗakinsa. Ki samu gidan wata gwaggonki inda shigar baƙo ba abin kallo ba ne, ku bar wayoyinku a wani ɗaki, ki zo da littafi da biro. Kada ki rubuta sunansa a ciki, ki sa masa wani. Ki fara da ranaku, ki bar shi ya yi magana har ya gaji, bayan mako ɗaya ki sake yi masa tambayoyin nan ta wata fuska ki ga ko ranakun sun zauna inda suke. In kin gama jerin, ki kawo mini mu duba tare, amma ki zo da ƙafarki, kada ki turo ta waya.